Yadda Ake Zaɓar Dandalin Buɗe Bulog Ba Tare Da An Yi Da-Na-Sani Ba

A ƙarshen Nuwamban 2023 OkadaBooks ya rufe, marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu a can suka nemi wani wurin. Kafin nan Facebook ya daina karɓar rubutu a sashen Notes a Oktoban 2020, Google+ ya tafi a Afrilun 2019, Posterous a 2013. Typepad, wanda yana cikin tsofaffin gidajen bulog na duniya (bulog shi ne shafin intanet da mutum ke wallafa rubuce-rubucensa a kai a kai), ya kulle ƙofa a ƙarshen Satumban 2025. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi kama da mai mutuwa a lokacin da mutane ke tururuwar shiga.

Saboda haka tambayar da za a fara da ita ba "wanne ya fi kyau?" ba ce. Tambayar ita ce: ranar da zan tashi daga nan, ko aka tashe ni, me zan iya ɗauka? Abubuwa uku ne ake so su bi mutum: rubutunsa da hotunansa, adireshin da jama'a suka san shi da shi, da kuma masu karatunsa. Duk sauran zancen ado da launi yana bayan wannan.

Mataki na farko: takarda da biro

Kafin ka buɗe kowane shafi, rubuta amsar tambayoyi huɗu.

Da me za ka riƙa rubutu? Idan waya ce kaɗai, wannan ya riga ya fitar da wasu dandalin daga lissafi. Da wane harshe? Hausa zalla, Turanci, Faransanci, ko gauraye? Amsar tana taɓa maganar kuɗin talla fiye da yadda ake zato. Nawa za ka iya biya duk shekara har shekara uku a jere, ko da shafin bai kawo sisi ba? Sannan me za ka ɗora: rubutu da hoto kawai, ko har da sauti, littattafan PDF da kayan sayarwa?

Wanda bai amsa ta ukun da gaskiya ba shi ne ke sayen masauki, wato wurin haya da ake ajiye shafi a intanet, da zafinsa a watan Janairu, shekara na zagayowa a aiko masa da takardar sabuntawa, ya duba aljihu ya yi shiru, shafin ya bi ruwa.

Mataki na biyu: san gidajen da ake magana a kansu

Blogger yana cikin mafiya tsufa da ke da rai har yanzu. Kamfanin Pyra Labs ya ƙirƙire shi a 1999, Google ya saya a 2003. Kyauta ne ɗungurungum: ba kuɗin masauki, ba a lissafa maka yawan baƙi, kuma Google ba ya liƙa tallarsa a shafinka sai kai ka nema. Da asusun Gmail ake shiga, a ba ka adireshi mai ƙarewa da blogspot.com, kuma kana iya ɗaura sunanka na kanka, wato adireshin da ka saya irin mai ƙarewa da .com, ba tare da Blogger ya karɓi ƙarin kuɗi ba. Rauninsa a fili yake: ba ya karɓar fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi aiki da su, rigar shafin kuwa, wato tsarin kamanninsa, fayil ne guda na XML mai wuyar gyara, sannan hoto da bidiyo kaɗai yake ajiyewa. Mai son saka karatun malamai na sauti ko littafin PDF sai ya ajiye su a Google Drive ko Internet Archive ya kawo mahaɗin. Ga kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: Google ya daɗe bai yi masa wani babban sabon gini ba.

WordPress kuwa biyu ne, kuma nan ne ruɗani ya fi yawa. Asalin manhajar Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da ita a 2003, kyauta ce, ana saukar da ita daga wordpress.org a girka a masaukin da mutum ya kama haya. Ita ce ke riƙe da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet. Na biyun shi ne WordPress.com, kasuwancin kamfanin Automattic da aka fara a 2005, inda su ke riƙe da masaukin su ba ka ɗaki. A tsarinsu na kyauta wurin ajiya gigabait 1 ne, tallarsu ce ke fitowa a shafinka kuɗin kuma nasu ne, ba ka saka fulogin, kuma ba ka ɗaura sunanka sai ka biya. Idan ka ji ana cewa "WordPress ya fi komai", na farkon ake nufi. Mutane da yawa sun yi rajista a na biyun suna neman abin da aka faɗa a kan na farko, suka wayi gari suna zargin wayarsu.

Medium, wanda Evan Williams ya kafa a 2012 (shi ne dai ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Blogger), wurin rubutu ne mai tsafta da masu karatu a shirye. Amma masu karatun na Turanci ne, kuma kuɗin da ake raba wa marubuta daga aljihun mambobi masu biyan dala 5 a wata yake fitowa. Rubutun Hausa a can kamar kai goro kasuwar da ba a cinsa ne.

Substack, na 2017, wasiƙar imel ce ginshiƙinsa: duk abin da ka wallafa yana shiga akwatin waɗanda suka yi rajista. Wallafawa kyauta ce. Idan ka sa kuɗi, suna cire kashi 10, Stripe, kamfanin da ke karɓar kuɗin ta kati, ya cire nasa kusan kashi 3 da santi 30, mafi ƙarancin farashi kuma dala 5 ne a wata, wato kusan dala 4 ce za ta iso hannunka. Ɗaura sunanka dala 50 ne, biya ɗaya. Alherinsa babba shi ne jerin imel ɗin masu karatu naka ne, kana iya sauke shi ka tafi. Amma tambayi kanka sau nawa mutanenka ke buɗe imel, in aka kwatanta da WhatsApp. Kuma karɓar kuɗi a can sai da asusun Stripe, wanda ba kowace ƙasa yake buɗe wa kai tsaye ba.

Ghost, na 2013, ya haɗa bulog da wasiƙa, ba ya cire kaso daga kuɗin mambobi, kuma yana da sauri ƙwarai. Sai dai ko ka biya masaukinsu da dala duk wata, ko ka kama sabar kanka, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, mai aƙalla gigabait 1 na RAM ka iya sarrafa Linux, ka kuma haɗa Mailgun don aika wasiƙu. Ba na ɗan koyo ba ne.

Wix yana da sauƙin ja-ka-ajiye, amma ba a ɗauke shafin Wix a kai wani masauki. Wannan kaɗai ya isa hujjar guje masa.

Facebook, tashar WhatsApp, Telegram da Wattpad wuraren tallata rubutu ne, ba rumbun ajiyarsa ba. Wanda ya ga yadda aka toshe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Mataki na uku: gwajin ƙugiya

Zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗannan, ka buɗe shafin gwaji a kowanne. Ba ya cin fiye da yini guda. Abu na farko da za ka wallafa shi ne jimla irin wannan, a kanun rubutu da kuma cikinsa, da siririn rubutu da mai kauri da karkatacce:

Ƙanƙara ta ɓata ɗakin 'ya'yan Ɗanladi, Ɓaidu ya ƙi biya.

Idan da rubutun Nijar kake aiki, ƙara ƴ da Ƴ. Sai ka buɗe a waya biyu daban da kwamfuta ɗaya, ka zuba ido sosai. Matsala iri uku ce ke fitowa, kowacce da dalilinta.

Ta farko, ƙ da ɗ da ɓ su fito amma sun fi 'yan'uwansu ƙanƙanta ko siranta, kamar baƙo a cikin sahu. Dalili shi ne salon harafin da rigar shafin ke amfani da shi ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai burauza ta aro su daga wani salon. Laifin riga ne, ba na dandali ba. Magani shi ne a sauya salon zuwa Noto Sans, Noto Serif, Andika ko Charis SIL, waɗanda ke ɗauke da su. A kula da babban Ƙ da Ɗ a kanun labari, domin sau da yawa salon kanu daban yake da na jikin rubutu, a gyara ɗaya a manta ɗaya.

Ta biyu, ɗan akwati fanko ya fito a gurbin harafin. Wannan na tsofaffin wayoyi ne da ba su da salon da za a aro. Idan shafin da kansa ke aiko da salon harafin, matsalar takan kau.

Ta uku ta fi muni: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ko duka su zama alamar tambaya. Nan an samu saɓani ne a tsarin ajiyar haruffa. A WordPress na masaukin kanka, rumbun bayanan ya kamata ya kasance a kan utf8mb4. Yawanci a lokacin ƙaura daga masauki zuwa masauki ake samun wannan ɓarna. Idan Æ™ ce ana iya gyarawa, domin bayanin yana nan an dai karanta shi a karkace. Idan alamar tambaya ce harafin ya riga ya salwanta, sai a koma ga tsohon kwafi.

Sai adireshin kowane rubutu. Dandali yana ƙera shi ne daga kanun da ka rubuta, kuma ƙugiya tana rikita shi: ko harafin ya ɓace, ko ya zama tarkace irin %c6%99 idan aka kwafa zuwa WhatsApp. Ka riƙa rubuta adireshin da hannunka da haruffa marasa ƙugiya, gajere, kalma huɗu zuwa shida, da ɗan layi a tsakani: yadda-ake-dashen-tumatir. A Blogger wurin yana gefe ƙarƙashin Permalink, kuma kafin a wallafa ake gyara shi. Bayan an wallafa sai an mayar da rubutun daftari, tsohon mahaɗin da aka riga aka yaɗa kuwa ya mutu.

Wani ɗan abin lura: akwatin bincike na cikin shafi yakan ɗauki k da ƙ a matsayin haruffa biyu, alhali yawancin masu nema "kasa" suke bugawa ba "ƙasa" ba. Kada wannan ya sa ka zubar da ƙugiya a rubutunka. Adireshi maras ƙugiya da lakabobi marasa ƙugiya sun isa su taimaka a same ka.

Mataki na huɗu: gwajin waya da data

Kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin gwajin da layinka a wurin da sabis ke da rauni, da Chrome sannan da Opera Mini. Ƙirga daƙiƙa. Idan rubutun bai bayyana ba cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, mai karatu ya koma inda ya fito. Saka adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin shafi, ka duba sakamakon ɓangaren waya, ba na kwamfuta ba.

Hoto ne ke kashe shafi. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 4. A gigabait 1 na WordPress.com, hoto 250 ke nan wuri ya cika. Idan ka rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG ya dawo kilobait 150, wurin nan zai ɗauki sama da 6,000, ido kuma ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. WordPress yana karɓar hoton WebP tun siga ta 5.8, wanda ya fi JPEG rashin nauyi.

Tura mahaɗin zuwa WhatsApp ɗinka ka ga ko hoto da kanu sun fito. Idan mahaɗin ya fito tsirara, ko dai rigar ba ta da alamomin Open Graph, waɗanda ke gaya wa WhatsApp hoto da kanun da zai nuna, ko hoton ya yi nauyi. Hoto mai faɗin 1200 da tsayin 630, ƙasa da kilobait 300, shi ne abin dogaro. Tunda ta WhatsApp da Facebook yawancin baƙinka za su zo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ka gwada rubuta cikakken rubutu daga wayar, da hoto biyu da ƙananan kanu. Blogger da WordPress duk suna da manhajar Android, kuma Gboard yana da allon Hausa mai ƙugiya. Rubutu da wallafawa suna yiwuwa a waya. Gyaran XML na riga, ko shiga cPanel, allon sarrafa masauki, a ceto shafin da ya faɗi, azaba ce a ƙaramin allo. Mai waya kaɗai ya sa wannan a ma'auni.

Mataki na biyar: lissafin shekara uku

Sunan .com yana kamawa dala 10 zuwa 15 a shekara. Masaukin haɗaka, wanda shafuka da yawa ke zaune a saba ɗaya, ana tallata shi da farashin shiga, sabuntawa kuma ta ninka biyu ko uku. A ƙaddara an ce dala 3 a wata shekarar farko, dala 10 bayan nan: shekara uku dala 276 ke nan, ka ƙara suna dala 36, ya zama 312. Blogger da sunanka na kanka a wannan tsawon lokaci dala 36 ne kacal. Farashin sabuntawa shi ne farashi na gaskiya, shi za ka nema a ƙasan shafin talla inda aka rubuta shi da ƙanana.

Ga mai samu da naira akwai ƙarin haɗari biyu. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, abin da aka yi wa lissafi da dala ya ninka a hannun mutane. Kuma an yi shekarun da bankuna suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, shafuka suka mutu ba don rashin kuɗi ba sai don kati ya ƙi wucewa. Kamfanonin masauki na cikin gida suna karɓar naira ta turawar banki, kuma sunan .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, da naira ake biyansa, ya fi .ng araha nesa. Kafin ka biya kowane kamfani, aika wa sashen taimakonsu tambaya da dare ka ga awa nawa za su ɗauka.

Kalmar "mara iyaka" a tallar masauki tana da iyaka. Akwai ƙayyadadden adadin fayiloli da ƙarfin sarrafawa, kuma sharuɗɗansu sukan hana mayar da wurin rumbun sauti da bidiyo. Ranar da rubutunka ya yaɗu mutum dubu suka shigo lokaci ɗaya, ƙaramin masauki yakan nuna kuskure mai lamba 508 ko 503. Blogger ba ya wannan faɗuwar, kuma wannan babbar daraja ce da masu raina shi ke mantawa.

Mataki na shida: ta ina kuɗi zai shigo

Nan ne ake yawan yaudarar sababbi. Google AdSense, tsarin da Google ke saka talla a shafinka ya biya ka, yana da jerin harsunan da yake karɓa. Akwai Turanci, Faransanci da Larabci, amma babu Hausa. Shafin da Hausa ce mafi rinjayen abin da ke cikinsa yakan sha amsar "harshen da ba a tallafa wa ba", ko a Blogger yake ko a WordPress. Sauya dandali ba ya warware wannan. Dabarar cika shafi da kwafaffen Turanci har a samu amincewa, sannan a juye zuwa Hausa, ta saɓa wa ƙa'idarsu, kuma idan aka rufe asusu kuɗin da ke ciki yakan tafi tare da shi. Sayen asusun wani ma haka.

Ga mai rubutu da harshen da suke karɓa: sai ya kai shekara 18, idan kuɗi ya kai dala 10 a aiko da lambar tantancewa ta gidan waya, ba a biya kuma sai ya kai dala 100. Rubuta adireshin da wasiƙa za ta iya isa.

Mai rubutun Hausa hanyarsa ita ce tallar kai tsaye daga 'yan kasuwa, sayar da littafinsa ko darasinsa, ko shafin ya zama allon sana'arsa. Tallar kai tsaye hoto ne da mahaɗi, Blogger ya ishe ta. Sayar da kaya da karɓar kuɗi a cikin shafin, ta fulogin kanti na WooCommerce haɗe da kamfanonin karɓar kuɗi Paystack ko Flutterwave, sai WordPress na masaukin kanka. Wannan shi ne layin da ya raba su a aikace.

Ƙananan kamfanonin talla da ke karɓar kowane harshe suna nan, amma duba abin da suke nunawa tukuna. Da yawa tallar caca ce da hotunan da ba za ka so mahaifiyarka ta gani a ƙarƙashin sunanka ba, ga tagogin da ke buɗe kansu.

Mataki na bakwai: sayi sunanka, da hannunka

Ko wane dandali ka zaɓa, suna shi ne abin da za ka fara kashe wa kuɗi. Da shi, idan ka ƙaura, mahaɗan da aka yaɗa shekaru suna nan da rai. Ba shi, duk wahalar da ka yi blogspot.com ko wordpress.com ka gina wa.

Gajere, mai sauƙin faɗa a baki, ba lamba ba layi a tsakiya. Gwada shi ba ƙugiya ka ga abin da ya zama, kada sunan da ka nufa da ƙasa ya koma kasa, ko ɓata ta koma bata. Guji sunayen kyauta. Freenom, mai raba .tk da .ml, ya daina rajista a 2023, masu dogaro da shi suka rasa adireshinsu.

Rajistar da imel ɗinka da sunanka za a yi ta, a asusun da kai ke riƙe da mabuɗinsa. Idan wani ya haɗa maka shafi ya yi rajistar da sunansa, shafin nasa ne a hukumance, ranar da kuka saɓa za ka gane. Kunna tantancewa mai hawa biyu a imel ɗin da kuma asusun sunan. Sa ranar ƙarewa a kalandar waya da tazarar wata guda. Idan .com ya ƙare akwai 'yan makonnin alfarma, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na jira, daga nan kowa na iya saye.

Ɗaura shi a Blogger haka ake yi. Shiga Settings, nemi Custom domain, rubuta adireshin da www a gaba, ka danna ajiye. Zai nuna kuskure, kuma haka ya kamata, domin a cikin saƙon kuskuren ne zai ba ka layin CNAME biyu. Na farko www ne mai nuni zuwa ghs.google.com. Na biyu wasu haruffa ne na musamman ga shafinka, su ne shaidar mallaka. Je sashen DNS na inda ka sayi sunan, wato wurin da ake nuna wa suna inda shafi yake, ka saka su daidai, ba ragi ba ƙari. Sannan ka ƙara layin A guda huɗu don adireshin ya buɗe ko ba www: 216.239.32.21, 216.239.34.21, 216.239.36.21 da 216.239.38.21. Goge duk wani tsohon layin A da kamfanin ya saka tun farko, domin shi ne ke sa shafin ya buɗe yau gobe ya nuna allon talla. Jira awa ɗaya ka koma Blogger ka sake ajiyewa. Wani lokaci yakan kai yini ɗaya ko biyu kafin ya bi ko'ina. Daga nan ka kunna Redirect domain, da HTTPS availability, da HTTPS redirect. Mai amfani da Cloudflare ya bar layukan a kan DNS kaɗai, gajimaren ya zama ruwan toka, in ba haka ba tantancewar takan ƙi.

Mataki na takwas: gwada ƙofar fita tun ba ka zauna ba

A shafin gwajin nan, sauke kwafin komai ka buɗe ka gani. Blogger yana bayarwa ta Google Takeout. WordPress yana da Export a ƙarƙashin Tools, amma fayil ɗin XML da yake bayarwa rubutu ne da adireshin hotuna, ba hotunan kansu ba. Cikakken kwafi ya haɗa rumbun bayanai da jakar wp-content, kuma fulogin irin UpdraftPlus yana iya tura su Google Drive duk mako. Kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin ba kwafi ba ne, gobara ɗaya ce za ta cinye su. Sau ɗaya aƙalla, gwada dawo da shi a wani wuri ka tabbata yana aiki.

A san kuma abin da ke sa a kori mutum. Ɗora waƙoƙi, finafinai ko littattafan wasu ba izini yana jawo ƙorafin haƙƙin mallaka. Google yakan cire rubutun, in abin ya yawaita ya rufe shafin. Masaukin kuɗi ma yana dakatarwa, biyan haya bai zama kariya ba.

To wanne?

Mai waya kaɗai, mai rubutun Hausa, wanda abin da zai iya warewa a shekara bai wuce kuɗin suna ba: Blogger da sunansa na kansa. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi WordPress ɗin da ba a kula da shi sau goma.

Mai kwamfuta da kuɗin shekara uku, wanda zai sayar da kaya, ko jarida mai marubuta da edita da ke buƙatar matakan izini daban-daban: WordPress na masaukin kansa. Amma ya san ya ɗauki aiki. Sabunta manhaja, riga da fulogin duk mako. Fulogin kaɗan, biyar zuwa goma: ɗaya na kwafi, ɗaya na sauri, ɗaya na tsaro, ɗaya na injin bincike irin Yoast ko Rank Math, ba duka biyun ba don suna karo. Kada sunan shiga ya zama admin. Rigar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa: sau da yawa da ɓoyayyar ƙofa take zuwa, wata rana ka tarar shafinka yana tura mutane gidan caca, Google ya liƙa masa jan gargaɗi. Idan shafi ya koma fari fat bayan sabuntawa, shiga File Manager na masaukinka, ka sauya wa jakar plugins suna, shafin zai tashi, sai ka mayar da sunan ka kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Duba kuma Settings, sashen Reading, kada akwatin hana injunan bincike ya zauna a kunne. Akan manta shi watanni ana mamakin rashin baƙi.

Mai rubutun Turanci ko Faransanci da ke da masu bibiya ta imel: Substack, ko Ghost idan yana da hannu a fasaha.

Wanda ya fara da Blogger ya girma yana iya ƙaura, kuma idan sunansa nasa ne aikin yini ɗaya ne zuwa biyu. Girka WordPress, ka shigo da fayil ɗin. Idan ya ƙi hawa, duba iyakar girman fayil a saitin PHP, wadda a wasu masaukai megabait 2 ce, ka ɗaga ta. A Permalinks zaɓi tsarin kanka ka rubuta /%year%/%monthnum%/%postname%.html don ya dace da na Blogger. Blogger yana datse dogon adireshi, WordPress ba ya yi, saboda haka bi rubutunka ashirin mafi farin jini ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya saɓa ka gyara shi ko ka sa masa turawa ta 301, wadda ke kai mai tsohon adireshi zuwa sabon. Gwada tsofaffin mahaɗai masu ?m=1 a ƙarshe, domin irinsu ne aka fi yaɗawa daga waya. Hotunan suna nan a sabar Google har sai ka jawo su da fulogin, don haka kada ka goge tsohon shafin ko asusun. Sai komai ya zauna za ka juya DNS zuwa sabon masauki, ka miƙa sabuwar taswirar shafi, wato jerin adireshin rubuce-rubucenka, a Google Search Console, inda Google ke nuna yadda yake ganin shafinka, sannan ka riƙa leƙa rahoton shafukan da suka ɓace, masu lamba 404, har tsawon wata guda.